Lambar Motar Kofur Delbert

Delbert Hoskins bai taɓa cewa ya je yaƙi ba, a ba shi gaskiyarsa a nan. Bai dai taɓa cewa bai je ba, wannan kuwa laifin mutane ne da ba sa tambaya kai tsaye. Sojansa a Jamus ya yi, zamanin da ba a harbin kowa a can, yana kofur mai kula da sito. Wata safiya ta hunturu ana sauke buhunan dankali daga babbar mota, santsin ƙanƙara ya kwashe shi tun daga sama, ya dira a kan gwiwar hagu, buhu biyu suka bi shi don kada ya yi kaɗaici. Gwiwa ta ɗauki rabonta, baya ya ɗauki nasa, kunnen dama kuwa da ma janaretan sito ya riga ya koya masa kukan sauro wanda bai bari ba har yau. Da gwamnati ta gama tarawa da ɗebewarta, bayan shekaru masu dama, sai ta sanar da shi cewa ya naƙasa kashi hamsin cikin ɗari.

Hamsin a Texas ita ce bakin ƙofa. Mai hamsin zai je ofishin gunduma ya karɓo lambar mota ta naƙasassun tsofaffin sojoji. Mai arba'in da ƙafafunsa biyu sai dai ya karɓo haƙuri. Ranar da Delbert ya ɗaura tasa a gaba da bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, sai da ya ja da baya ya tsaya yana kallonta, hannu a ƙugu, har matarsa Lorene ta leƙo ta taga ta tambaye shi ko jira yake lambar ta yi masa magana.

Ta kuwa yi magana. A gidan mai, samari masu faffaɗar hula sukan tako su miƙa masa hannu, su ce sun gode da hidimar da ya yi wa ƙasa. Mata masu tura kaya a kanti sukan ja 'ya'yansu gefe su ba shi hanya. Ɗan sanda ya taɓa tsayar da shi saboda gudu, ya duba lambar, ya sara masa, ya ce a dai riƙa sassautawa, ranka ya daɗe. Delbert ya koyi yadda ake karɓar irin wannan: a gyaɗa kai sau ɗaya, a kafe wani wuri can nesa da ido, kamar mutumin da ya ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Abin da yake gani a can nesan dankali ne, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Duk wannan gyara ne. Ainihin daɗin lambar yana bakin ƙofar Opal.

Opal Dinwiddie ce ke da gidan abinci ɗaya tilo a garinmu Pecan Ford mai yin gahawar da ba ta ɗanɗanon taya. Marigayi mijinta sojan ruwa ne, don tunawa da shi ta kafa allo a gurbin ajiye mota na farko, wanda ke daf da ƙofa, ta rubuta cewa na naƙasassun tsofaffin sojoji ne kaɗai, masu lamba. A duk filin, gurbin nan ne kawai ke ƙarƙashin bishiya. Wanda ya san ranar Yuli a garinmu, lokacin da sitiyari ke gasa wa mutum tafin hannu, ya san darajar inuwa. Ga shi kuma gurbin yana fuskantar tagar teburin dattawa, inda mu da gashi ya fara gudu daga goshinmu muke zama muna gyara wa gwamnati kurakuranta. Kowace safiya Delbert zai shigo da motarsa a hankali, ya sauko da sandarsa, ya yi ɗan ɗingishi zuwa ƙofa, idon tebur duk a kansa. A gida shi ne mai fitar da shara. A nan shi ne Kofur.

Sai Virgil Tackett ya tare a garin.

Ritaya ya yi a Abilene ya dawo kusa da 'yarsa, ƙato mai wuya kamar na bijimi, da sabuwar jar mota wadda sai ka yi tsalle ka hau. Wata safiya Delbert ya karyo kwana ya tarar da jar motar a ƙarƙashin bishiya, ta baje kamar gidan ubanta. Har ya buɗe baki zai kira Opal ta kori ɓarawo, sai idonsa ya sauka kan lambar. Irin tasa ce sak, har ta fi tasa sheƙi.

Ya kai motarsa can ƙarshen fili kusa da tankin shara, ya tako cikin rana. A ciki ya sami baƙon a teburin dattawa, a kan kujerar da ke kallon taga kuma.

"Kai ne Kofur ɗin da ake ba ni labari?" in ji ƙaton, ya miƙo hannu ba tare da ya tashi ba. "Virgil Tackett. Saje. Zauna mana, kamar gidanku."

"Da ma gidanmu ne," in ji Delbert.

"Nawa suka ba ka?"

Tsakanin masu lamba wannan ba rashin kunya ba ce, gaisuwa ce.

"Hamsin."

"Ayya." Virgil ya girgiza kai irin na mai jaje. "Da ƙyar ka shigo ke nan. Ni sittin."

"A ina ka samo ta?"

"Ƙafafu ne suka baje saboda fareti. Sauran kuma numfashi. In na kwanta barci sai ya riƙa ɗaukewa, da inji nake kwana."

Delbert ya jingine sandarsa a hankali. "Minshari kake nufi."

"Likita bai ce minshari ba."

"Jama'a, ku ji min. Minshari! Ni na baro gwiwata a Turai, shi kuma an ba shi sittin don ya hana matarsa barci."

"A bakin aiki na same shi, Kofur, minsharin ƙasa ne. Kai wa ya harbe ka a Turan? An ce min dankali ne suka yi maka kwanton ɓauna."

Tebur ya fashe da dariya, har da Harlan mai aski, wanda Delbert ke ɗauka amini. Nan ya gane an riga an sayar da shi tun gahawa ba ta huce ba.

Aka kai ƙara gaban Opal. Ta saurare su da butar gahawa a hannu, ta ce, "Ku ji, 'ya'yan nan, allo na kafa, ba kotu ba. Wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Wa zai ci ƙwai?"

Daga nan aka shiga tsere. Delbert ya fara sammako, Virgil ya fi shi. Delbert ya bar aske gemu da safe, Virgil ya bar wanka, kowa a tebur ya shaida. Har ta kai Opal kan zo buɗe ƙofa ta tarar da ɗaya a ƙarƙashin bishiya yana murmushi, ɗaya a bayansa da inji a kunne yana zagi. Mafi yawanci Virgil ne mai murmushin, don gidan 'yarsa yana nan bayan coci, na Delbert kuwa yana can bayan gari, sai an wuce injin gurzar auduga da maƙabarta.

Dabarar ta zo masa ne ranar da ya yi sa'a ya riga. Ya gama karin kumallo, ya fito, ya shiga mota ya sa makulli, sai ya hango jar motar ta madubi, tana tsallaken titi tana jira kamar ungulu a mahauta. Ya tsaya. Wa ya ce dole mota ta kwana a gida? Ya zare makullin, ya kulle ƙofa, ya kama hanya da ƙafa.

Ranar ya ga ta kansa. Kafin ya kai injin auduga gwiwar ta fara kiran sunayen kakanninsa. A maƙabarta ya zauna a kan katanga yana kallon mazauna wurin da 'yar hassada. Da ya iso gida rigarsa kamar an tsamo ta daga kogi.

"Ina motar?" Lorene ta tambaya.

"Tana aiki."

"Wane aiki?"

"Gadi."

Lorene ta cire tabarau ta dube shi. Ta shekara talatin da wani abu tana kallon mutumin nan yana yanke shawara, ta san kamannin wadda ba ta da magani.

"To ka ji, Del. Motata ta kai ni aiki ce ta dawo da ni. Ba zan zama direbar mutumin da ya ajiye lafiyayyar mota tana yi wa bishiya gadi ba. Da hannunka ka ajiye ta, ka je gare ta da ƙafarka."

"Ban roƙe ki ba."

"Na sani. Wahalar roƙon nake rage maka."

Haka kuwa aka yi. Kowace safiya Delbert ya bi gefen titi zuwa gari, in an watse ya biyo shi ya dawo. Yana da tsarinsa. Sai ya zagayo ta lungun bayan kantin magani, ya buɗe motar ta ɗaya gefen, ya zauna ya share gumi, sannan ya fito ta ƙofar direba da sanda da ɗingishi, kamar yanzun nan ya iso. Duk tebur na kallo ta taga, duk mun sani, ba wanda ya ce uffan, don a garinmu ba a hana mutum wasan da bai cuci kowa ba. Virgil ne kaɗai ke cewa, "Sannu da tuƙi, Kofur. Hanya da cunkoso?"

"Ba laifi, Saje. Na ga taka can wajen shara, ƙudaje na gaishe ta."

Abin da Delbert bai sa a lissafi ba shi ne jikinsa, wanda ya shiga cin amanarsa a hankali. Da farko ya daina zama a katangar maƙabarta. Sai bel ɗinsa ya nemi sabon rami, can kuma ya sake neman wani. Kwalbar maganin ciwo da ke kan firji ta yi ƙura. Wata Lahadi a coci jakar wata tsohuwa ta faɗi, ya durƙusa ya ɗauko mata ya miƙe tsaf, sai da ya ga Lorene na yi masa wani kallo da rabonsa da shi tun suna neman aure, sannan ya tuna ya kama baya ya yi nishi. Ɗingishin ma yanzu sai ya tuna shi yake yi. Akwai ranar da Harlan ya raɗa masa a kunnen da ke ji cewa yau fa da ƙafar dama ya yi.

Motar kuwa tana nan inda take. Tsuntsaye sun mai da ita abin da tsuntsaye ke mai da mota, ganye ya cika bayanta, taya ɗaya ta fara durƙuso. Lambar kaɗai ke sheƙi, don kullum sai ya goge ta da hankici.

Virgil ne ya sake kai ƙara, wannan karon da hujja.

"Uwar ɗakina," ya ce wa Opal, "wannan ba fakin ba ne, jana'iza ce. In don naƙasassu kika kafa allon nan, ai wanda ya fi naƙasa shi ya fi cancanta. Sittin ta fi hamsin ko a makarantar da Kofur ya yi."

Opal da ma ta gaji da ganin tarkace a bakin ƙofarta. Ta ce, "Shi ke nan. Ranar Tsofaffin Sojoji zan sake wa allon fenti. Kowa ya kawo min takardarsa ta gwamnati. Wanda tasa ta fi, sunansa zan rubuta a jiki, ɗayan kuma ya nemi rana ya shiga. Kafin nan tsohuwar doka na nan. Na gama magana."

Delbert ya koma gida ranar da sauri fiye da kullum, yana saƙa da warwara. Saba'in yake bukata ya wuce Saje, don gwamnati goma-goma take ƙirgawa. Rabon da a duba shi an jima, kuma kowa ya san gwiwa ba ta komawa ƙuruciya. Sai ya nemi a sake auna shi, a yi masa ƙari.

Harlan bai taɓa sa kaki ba saboda asma, amma kawunan tsofaffin sojojin da suka bi ta ƙarƙashin almakashinsa sun fi waɗanda wani janar ya taɓa gani. Da ya ji labari ya ja Delbert gefe.

"Kofur, ka san dai in ka buɗe musu fayil ba ƙari kaɗai suka iya ba? Garin neman gira fa ake rasa ido."

"Idona biyu, Harlan. Gira nake so."

"To in ka nace, riƙe abin da zan gaya maka. In likita ya ce yaya jiki, kada bakinka ya kuskura ya ce da sauƙi. Wani mutumin Lamesa ladabi ya ja masa asarar ashirin. Ranarka mafi muni za ka ba shi labari, ba ta yau ba. Kada ka yi aski, ni ma na haƙura da cinikin. In biro ya faɗi kada ka ɗauko masa, tarko ne. In ya ce lanƙwasa, ka tsaya inda ciwo ya fara. In bai fara ba, ka tsaya inda ya kamata ya fara."

Delbert ya ɗauki karatun da muhimmanci. Yakan tsaya gaban madubin ɗaki yana gwada nishi iri-iri, Lorene na ninke kaya a bayansa tana ba da maki.

"Wannan na naƙuda ne, rage."

"Wannan fa?"

"Wannan kuma ƙofar gareji ce. Kai Del, in ka ga mutumin da Allah ya ba lafiya yana neman inda zai mayar da ita, to mijina ne."

An sa masa rana a wani ƙaramin asibiti da ke ɗaya gefen gari, bayan filin ƙwallo. Lorene ta yarda za ta kai shi, tunda wannan likita ne ba bishiya ba. Amma da safiyar ranar aka bugo waya cewa yayarta da ke Lubbock ta faɗi a banɗaki. Ta suri jaka ta fice, tana cewa daga bakin ƙofa, "Kana da mota, Del. Mota ce, da inji da komai."

Ya tako zuwa wurin Opal, makulli a hannu, ya tsaya gaban motar. Ta taga ya hango Virgil na yanka soyayyen ƙwai. Virgil ya ɗaga cokali ya gaishe shi, sannan ya fito yana goge baki.

"Yau ce jarrabawar, ko? Ɗauki motarka ka tafi, Kofur, na rantse ba zan taɓa wurin ba. Ko ka hau tawa in kai ka, akwai sanyi a ciki."

Delbert ya dubi fuskar. Fuska ce ta mutumin da ke nufin abin da ya faɗa, wannan ma ya fi tayar masa da hankali. Saje da kirki? Ya yi soja, ya san inda irin wannan ke ƙarewa. In ya ɗaga motar, zai dawo ya tarar da ja a ƙarƙashin bishiya da dogon bayani. In kuwa ya hau ta Virgil, har abada za a riƙa cewa mai minshari ne ya ɗauke shi kamar buhu.

"Na gode, Saje. Akwai mai zuwa ɗaukata."

"Wa?"

"Wani."

Ya zagaya ta lungun kantin magani, ya duba agogo. Lokaci ya ƙure, Harlan kuma ya riga ya gaya masa wanda ya makara sai baɗi. Sandar na rage masa sauri, sai ya saɓa ta a kafaɗa. Ya miƙe hanya, hannu na lilo, ƙirji a gaba, ya wuce banki, ya wuce filin ƙwallo, ya haye tudun da ke gaban asibitin ba tare da ya lura tudu ba ne. Rabonsa da maci irin wannan tun yana kurtu, lokacin ma bai iya kamar haka ba. Sai a bakin ƙofa ya sauke sandar, ya tattaro fuska, ya shiga yana jan ƙafa. Ta hagu, sai da ya tabbatar.

Likitar mace ce, Dakta Villarreal, gajeriya mai furfura, tana tsaye tana cin tuffa a bakin taga. Tagar tana kallon tudun. Delbert ya lura da haka, ya kuma yanke shawarar bai lura ba.

"Mista Hoskins, yaya jiki?"

"Ba daɗi, likita. Ba daɗi ko kaɗan." Ya yaba wa kansa a zuci. Tarko na farko ya tsallake.

"Assha. Wa ya kawo ka?"

"Wani ɗan'uwa."

"Ya kyauta. Yanzu na ga wani mutum ya hayo tudun nan da sanda a kafaɗa kamar zai ci garin da yaƙi. Rigarku iri ɗaya."

"Kantin garin ɗaya ne, likita. Kowa irinta yake saye."

"Haka ne kuwa."

Ta ɗora shi a sikeli, ta duba tsohon fayil, ta sake duba sikelin. Biro ya suɓuce mata ya gangara har gaban takalminsa. Delbert ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗakin har ta ɗauka da kanta. Sannan ta kwantar da shi a gado, ta kama ƙafar tana lanƙwasawa tana aunawa da wani ɗan ma'auni na roba. Ya tsaya daidai inda ya kamata, ya saki nishin da Lorene ta amince da shi.

"Nan ne iyaka?"

"Nan ne, likita."

"Ba mamaki," in ji ta, tana rubutu, ko dubansa ba ta yi ba. "A shekarunka yawanci haka ne. Jiya na duba wani, ya ma girme ka, amma har tsugunno yake yi ya tashi ba dafawa. Irinsu dai ba su da yawa. Sojan lema ne, ka san ba a haɗa su da 'yan sito."

Abin da ya biyo baya Delbert bai taɓa iya bayaninsa ba. Shi dai ya san yana kwance, sai kuma ya ga kansa a tsakiyar ɗaki, hannu biyu a miƙe a gaba, ya tsugunna har mazaunai na taɓa dunduniya, ya tashi, ya sake, ya kuma sakewa, yana cewa, "Ki gaya wa ɗan leman naki! Ki ce ɗan sito na gaishe shi!" Yana ƙasa a ta ƙarshe ya hango biron likita na gudu a kan takarda.

Ya tashi a hankali, ya shiga laluben sanda.

"Mista Hoskins," in ji ta, da murna ta tsakani da Allah a fuskarta, "na jima ban ga gwiwar da ta farfaɗo haka ba. Me kake yi mata?"

"Ba komai," ya ce da 'yar ƙaramar murya. "Fakin ne."

Amsar gwamnati ta iso kafin Opal ta sayo fenti. Arba'in. Lorene ta rungume shi ta ce addu'arta ce aka karɓa, ran Lahadi kuma ta miƙe a coci ta ba da shaidar yadda Ubangiji ya warkar da mijinta. Jama'a suka ce amin, fasto ya sa aka tafa masa. Delbert ya tsaya a tsakiyarsu yana karɓar barka kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Bayan wannan ba sauran ɓoyo. Matar da ke ofishin gunduma ma cikin mawaƙan cocin take. Da ya je sabunta takardun mota, bai ko buɗe baki ba ta turo masa lamba irin ta kowa da kowa, ta ce, "Mun ji abin alheri, Mista Hoskins. Tsohuwar ka kawo mana ita in ka cire."

Ranar cire ta duk tebur ya fito, har da Opal da butarta. Sukurorin sun yi tsatsa, ya durƙusa yana fama da sukundireba, gwiwar kuwa ko ƙis, 'yar banza. Da ya gama ya ɗaura sabuwar, ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Batir ya daɗe da cikawa.

Ba wanda ya yi dariya, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Virgil ne ya je ya jawo jar motarsa ya tsayar a gefe, ya fito da wayoyi ya jona batir da batir.

"Taka mata, Kofur."

Ta tashi, da hayaƙi da busasshen ganye. Delbert ya leƙo ta taga. "Kada ka ɗauka na gode."

"Ban ɗauka ba. Ja baya a hankali, kada ka goge min fenti." Ya sunkuyo ya rage murya. "Ranar nan fa da gaske nake. Da ka ɗauki motarka da ban taɓa wurin ba."

"Ai na sani," in ji Delbert. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ya ja baya. Kafin ya gama daidaita sitiyari, jar motar ta shige inuwa.

Tafiyar da ƙafa ta saba, mota ta cinye ta tun rediyo bai gama waƙa ɗaya ba. A danja wani saurayi mai faffaɗar hula ya tsaya kusa da shi, ya dube shi, ya dubi motar, ya kau da kai. Ba kowa ba ne, wani tsoho ne cikin mota mai kashin tsuntsu.

Da Lorene ta dawo daga aiki ta same shi a miƙe a doguwar kujera, ƙafa a kan matashi, talabijin na yi, faranti a kan ciki da rabin kek ɗin da ta gasa don taron matan coci.

"Del! Na mata ne wannan! Yau ba ka fita tafiyar taka ba?"

"Na daina."

"Ka daina? Likita ta ce ka ci gaba."

"Na ji abin da ta ce. Harlan ya ce in an kwana biyu ana iya sake nema." Ya yanko wani yankin ya kai baki. "Goma kawai nake bukata lambata ta dawo, talatin kuma in goge Saje daga allon. Gwiwar nan na san ta, ba ta da alkawari. In ta sami hutu da abinci mai kyau za ta dawo hayyacinta."

Lorene ta tsaya da jaka a hannu tana kallonsa.

"Miƙo min rimot ɗin can," ya ce. "Ba na son in motsa ta."

Rimot ɗin na kan tebur, nan kusa. Lorene ta ɗauke shi, ta juya shi a hannu, ta fita da shi. Ta taga ya ga ta taka har bakin titi, ta buɗe akwatin wasiƙu, ta sa shi a ciki ta rufe. Ta dawo tana karkaɗe hannu, ta ɗauke farantin daga kan cikinsa.

"Yau can yake," in ji ta. "Gobe zan ƙara nisa."

Delbert ya dubi ƙofa, ya dubi talabijin. Wata mata ce ke tallar tukunyar da abinci ba ya kamawa, tana ta juya ta gaban kyamara, ba alamar za ta gama yau. Ya gyara matashin da ke ƙarƙashin gwiwa, ya harɗe hannu a ƙirji, ya ƙuduri niyyar koyon son tukwane.